Yadda zaka bi sawun hafsan soja na yaƙin basasar Amurka har ka rubuta tarihinsa da Hausa

Assalamu alaikum 'yan uwa. Wannan rubutun na yi shi ne saboda ƙannenmu na zango, na nan Kumasi su Aboabo da Asawase da Sawaba, har da na Nima da Mamobi can Ankara babban birnin Ghana, waɗanda malami ya basu aikin rubuta rayuwar wani soja, ko masu shirin tarihi a rediyo, ko masu ƙara maƙala a Wikipedia ta Hausa, ko masu haɗa ɗan bidiyo su ɗora a TikTok. Abin da yake damuna shine sai kaga an ɗauko hoton wani baƙar fata cikin kakin soja na zamanin da, an rubuta a ƙasa wai shine Janar baƙar fata na farko a Amurka, ya ci yaƙi kaza ya kashe mutum kaza, ana ta turawa a WhatsApp, alhali in ka bi takarda mutumin ba Janar bane, wani ma bai taɓa tsayawa a fagen fama ba, kuma wallahi ainihin rayuwar tasa ta fi wannan ƙarin gishirin daɗin ji nesa ba kusa ba. To ga yadda ake bin sawun irin wannan mutum da wayarka da littafin rubutu da biro kawai. Zan riƙa misali da Manjo Martin Delany, don shi ya taka ƙasar Afirka ta Yamma da ƙafarsa tun kafin ya sa kaki, kuma rayuwarsa tana ɗauke da kusan duk tarkon da mai bincike yake faɗawa.

Kafin ka taɓa sunan mutum ka fara riƙe ƙashin bayan yaƙin a kanka, in ba haka ba duk takardar da ka buɗe sai ta rikita ka. An fara ne ranar 12 ga Afrilu 1861 da 'yan Kudu suka buɗe wuta a kan sansanin Fort Sumter da ke bakin ruwan Charleston. Jihohi 11 ne suka ɓalle suka ce sun kafa tasu ƙasar, kuma tushen rigimar bauta ce, kar wani ya juya maka kai da dogon bayani, jihohi irin su Mississippi da Carolina ta Kudu da hannunsu suka rubuta haka a takardun ɓallewarsu. Ranar 1 ga Janairu 1863 Shugaba Lincoln ya fitar da sanarwar 'yanta bayin da ke yankunan tawaye, daga nan ƙofa ta buɗe sosai aka shiga ɗaukar baƙar fata aikin soja, har kusan mutum 180,000 suka shiga rundunar ƙasa ta Arewa. Ranar 9 ga Afrilu 1865 Janar Lee na 'yan Kudu ya miƙa wuya ga Janar Grant na Arewa a Appomattox, ranar 14 ga watan aka harbi Lincoln, washegari ya cika. Waɗannan ranakun ka rubuta su a shafin farko na littafinka, duk wata rana da ka samu game da mutuminka sai ka ɗora ta a kansu ka gani, kafin ce ko bayan. Wannan ɗan aikin kaɗai yana kashe rabin ƙaryar da ke yawo.

Sai abu uku da dole ka nemo tun farko: cikakken sunansa, jihar da ya shiga soja, da lambar rundunarsa. Sunan kaɗai baya kai ka ko'ina, mutane miliyoyi ne suka yi wannan yaƙin, masu suna iri ɗaya ba adadi, kuma magatakardan lokacin kowa yadda kunnensa ya ji haka yake rubutawa, shi kansa Delany zaka tarar wani wuri an ƙara masa harafi an rubuta Delaney, to ka gwada duka biyun. Hukumar National Park Service ta Amurka tana da rumbun sunayen sojojin ƙasa da na ruwa na yaƙin a intanet, kyauta ne, ka sa suna ya fito maka da runduna da muƙamin da mutum ya shiga da shi da wanda ya fita da shi. Nan ne mafari. Kuma ka kula da sunayen garuruwa don akwai tarko babba a labarin Delany: an haife shi a Charles Town, wadda a lokacin tana cikin Virginia amma yanzu tana West Virginia tunda jihar ta rabu gida biyu a 1863, aikin sojansa kuma a Charleston ta Carolina ta Kudu ya yi, sannan ga wata Charleston ɗin daban wadda ita ce babban birnin West Virginia. Gari uku kenan, mutane da yawa suna cakuɗa su su mai da su ɗaya. Haka ma yaƙoƙin, Arewa da Kudu kowa da sunan da yake kiran fage ɗaya, Antietam ita ce Sharpsburg, Bull Run ita ce Manassas, kar ka ƙirga wa mutum yaƙi biyu alhali ɗaya ya je.

Me yasa na nace a kan lambar runduna? Soja kamar fasinjan trotro ne, in ka san motar da ya hau da tashoshin da ta tsaya ka san hanyar da ya bi ko da shi bai ce maka komai ba. A takarda zaka ga an rubuta regiment, ita ce rundunar da a ƙa'ida take da mutum 1,000, kamfani 10 kowanne mutum 100, duk da cewa cuta da yaƙi suna cinye su har ka ga ta koma 300 ko 400. Kyaftin ke riƙe da kamfani, Kanar ke riƙe da rundunar baki ɗaya, ƙarƙashinsa Laftanar Kanar sai Manjo. Kowace runduna an rubuta inda aka kafa ta, yaushe, ina aka tura ta wata bayan wata, yaƙi nawa ta shiga, mutum nawa harsashi ya kashe nawa cuta ta kashe. A wannan yaƙin cuta ta fi bindiga kisa, kusan kashi biyu cikin uku na sojojin da suka mutu atuni da taifot da zazzaɓi da ciwon huhu ne suka ɗauke su, don haka in ka ga an ce mutuminka ya rasu a 1863 kar ka yi saurin rubuta cewa a fagen fama ya faɗi.

Batun muƙami kuma sai ka natsu. Akwai sojojin dindindin na gwamnatin tarayya, akwai na sa kai da jihohi suka tara don yaƙin kawai, mutum ɗaya yana iya riƙe muƙami biyu a lokaci guda, babba a wajen 'yan sa kai ƙarami a wajen na dindindin. Sannan ga wata kalma da zaka yi ta cin karo da ita a gaban muƙami, brevet, wannan muƙamin girmamawa ne, ana kiran mutum da shi amma galibi ba albashinsa yake ci ba kuma ba kujerar yake kai ba, a ƙarshen yaƙin ma an raba shi da yawa sosai. Dubi George Custer, duniya tana ce masa Janar, kuma gaskiya ya kai Manjo Janar na 'yan sa kai lokacin yaƙin, amma ranar da aka kashe shi a Little Bighorn a 1876 muƙaminsa na aiki Laftanar Kanar ne. In zaka rubuta ka faɗi muƙamin da shekarar tare, a 1865 yana kaza, a 1876 yana kaza, shikenan ka fita.

Yanzu ka buɗe shafi uku a littafinka, kafin yaƙi, lokacin yaƙi, bayan yaƙi. Yawancin masu rubutu shafin tsakiya suke rugawa, ni kuwa ina ganin na farkon ne yake nuna maka waye mutum, musamman irin Delany da ya shiga soja yana da shekara 52. An haife shi ranar 6 ga Mayu 1812, mahaifinsa Samuel bawa ne, mahaifiyarsa Pati 'ya ce ba baiwa ba, kuma a dokar wurin ɗa matsayin uwarsa yake bi, shi yasa ya tashi ɗa. A 1822 aka gane yaran gidan suna koyon karatu, abin da hukumar Virginia bata yarda da shi ga baƙar fata ba, sai uwar ta kwashe 'ya'yanta ta tsallaka da su Chambersburg a Pennsylvania. Ka tsaya a kan wannan matar in kana rubutu, kar ka wuce ta da layi ɗaya. A 1831 yana ɗan shekara 19 ya tafi Pittsburgh, ya koyi aikin magani a hannun likitoci, yana yin ƙaho yana sa matsattsaku su zuƙe jini kamar yadda ake yi a zamanin, da annobar kwalara ta shigo garin wasu suna gudu shi ya tsaya yana duba marasa lafiya. A 1843 ya kafa jaridarsa The Mystery, a 1847 ya haɗu da Frederick Douglass, fitaccen baƙar fata mai yaƙi da bauta, suka fara jaridar North Star. A 1850 makarantar likitanci ta Harvard ta ɗauke shi tare da wasu baƙar fata biyu, ɗalibai fararen fata suka kai ƙorafi, aka sallame su ba don sun kasa karatu ba. In baka san wannan ba ba zaka taɓa gane dalilin da ya sa ya yanke ƙauna da Amurka ya fara cewa baƙar fata su nemi ƙasar kansu ba.

Ya koma Chatham a Kanada a 1856, a 1859 ya hau jirgin ruwa zuwa Laberiya, daga can Legas, daga Legas Abeokuta, inda a Disamban shekarar shi da abokin tafiyarsa Robert Campbell mutumin Jamaika suka ƙulla yarjejeniya da Alake da sarakunan Egba a kan a ba baƙaƙen Amurka wurin zama su yi noman auduga. Yarjejeniyar bata ɗore ba, kuma yaƙin da ya ɓarke a Amurka ya juya hankalinsa gida. Akwai kuma maganar asalinsa, cewa kakanninsa na wajen uwa Mandinka ne 'yan gidan sarauta, na wajen uba kuma Gola. Wannan daga bakin dangi ya fito, to ka rubuta shi a haka, kace a cewar danginsa. Mu nan zango mun san darajar abin da kaka ta faɗa, ba a zubar da shi, amma ana faɗin daga inda ya zo.

Shafin tsakiya shine inda za'a gwada gaskiyarka. Daga 1863 Delany aikin tara kurata ya yi, yana yawo jiha jiha yana kiran samari baƙar fata su shiga soja, ya yi wa runduna ta 54 ta Massachusetts, ya yi wa Connecticut da Rhode Island, ɗansa na cikinsa Toussaint ma ya shiga ta 54 ɗin. A Fabrairun 1865 ya gana da Lincoln ya kawo shawarar a kafa rundunar baƙar fata wadda hafsoshinta ma baƙar fata ne, don har lokacin kusan duk hafsoshin rundunonin baƙaƙe fararen fata ne. A ƙarshen watan aka bashi Manjo, aka tura shi Carolina ta Kudu ƙarƙashin Janar Rufus Saxton, aka haɗa shi da runduna ta 104 ta sojojin baƙar fata na tarayya, a takarda zaka ga an taƙaita su USCT. To yanzu koma shafinka na farko ka auna. Ita runduna ta 104 tsakanin Afrilu da Yunin 1865 aka kafa ta a Beaufort, Lee kuwa ya riga ya miƙa wuya tun 9 ga Afrilu. Kaga kenan Manjo Delany bai jagoranci kowa a fagen fama ba. Ka rubuta haka ƙarara, ba abin kunya bane, mutumin da ya shawo kan ɗaruruwan samari suka ɗauki bindiga a lokacin da 'yan Kudu suke barazanar kashe ko bautar da duk baƙin sojan da suka kama, aikinsa ba ƙarami bane.

In kuma fagen fama kake so a labarinka to ka bi rundunar da ɗansa ya shiga. Ta 54 ita ce ta yi gaba a harin Fort Wagner ranar 18 ga Yuli 1863, su kusan 600 ne, sama da 250 aka kashe ko aka raunata ko aka kama, Kanar ɗinsu Robert Gould Shaw farar fata ɗan shekara 25 ya mutu a kan ganuwar, 'yan Kudu suka jefa shi rami ɗaya da sojojinsa da nufin wulaƙanci, iyayensa suka ce a bar shi nan tare da su. Kuma waɗannan mutanen ana biyansu dala 10 a wata a cire 3 kuɗin kaki, farar fata yana karɓar 13, suka ƙi karɓar albashin gaba ɗaya sama da shekara guda har majalisa ta gyara dokar a 1864. Kar ka ce zaka mai da dala 10 ta wancan lokacin zuwa sidi na yau, lissafin baya fita daidai, ka ajiye 7 kusa da 13 mai karatu zai gane da kansa.

Yanzu maganar "na farko", wadda ita ce ta fi kowacce yaudarar mutane. Zaka ga an rubuta Delany shine Manjo baƙar fata na farko. Ka dakata. Alexander Augusta ya samu Manjo tun 1863, amma a matsayin likitan soja. Francis Dumas ma ya riƙe Manjo a rundunar Native Guards ta Louisiana tun kafin Delany. Abin da aka fi yarda da shi game da Delany shine yana cikin baƙar fata 'yan ƙalilan da suka kai wannan matsayi, kuma shine wanda gwamnatin tarayya ta naɗa babban hafsa a ɓangaren mayaƙa na USCT, ba ɓangaren asibiti ko na limaman coci ba. Duk inda ka ga "na farko" ka tambayi kanka na farko a me, a ina, wa ya faɗa. In baka samu amsar ukun ba ka cire kalmar, rubutunka ba zai ragu da komai ba.

Wa ya faɗa ɗin nan shine zuciyar aikin. Labarin ganawar Delany da Lincoln da ake ta maimaitawa, har da abin da kowannensu ya ce, ya fito ne daga tarihin rayuwarsa da Frances Rollin ta rubuta aka buga a 1868, kuma daga bakin Delany ta ji. Ba ina cewa ƙarya bane, naɗin Manjo dai yana nan a takardun gwamnati, amma kalmomin da aka yi a ɗakin mutum ɗaya ne ya ruwaito su, to ka ce Delany ya ba da labari cewa. Sannan maƙiyin mutum ma shaida ne mai amfani. A Yulin 1865 Delany ya yi wa 'yantattun bayi jawabi a tsibirin St. Helena, wani Laftanar farar fata da aka tura ya saurara ya rubuta rahoto yana ƙorafin cewa maganganunsa zasu tunzura mutane, kuma ta wannan rahoton ne yau muke jin irin zafin da yake magana da shi a kan ƙasa da haƙƙin gumin bayi. In ka samu masoyi da maƙiyi sun faɗi abu ɗaya, to ka riƙe shi da kyau.

Ga wani misalin da ya fi kusa da mu. Nicholas Said, sunansa na gida Muhammad Ali ɗan Sa'id, haifaffen Kukawa ne a Barno, mahaifinsa Barka Gana babban kwamandan Shehun Barno ne. An kama shi yana yaro aka ƙetara da shi Sahara zuwa Turabulus, ya bi ta Santambul ya faɗa Rasha, ya zaga Turai, ya isa Amurka, a 1863 ya shiga runduna ta 55 ta Massachusetts har ya kai Saje. Amma littafin rayuwarsa da ya buga a Memphis a 1873 bai ambaci aikin sojan nan ba sam. Mutum ne da yake zaune yana koyarwa a Kudu, cikin waɗanda aka ci da yaƙi, kai ma ka san dalilin da zai sa ya kama bakinsa. Da littafinsa kaɗai ka dogara da ka rantse bai taɓa sa kaki ba, takardun rundunar ne suka nuna. Shi yasa ba a tsayawa a kan abin da mutum ya rubuta game da kansa, ko da shi ne mai labarin.

Ina ake samun takardun? Rahotannin hafsoshi na ɓangarorin biyu gwamnatin Amurka ta tattara ta buga su cikin littattafai 128 tsakanin 1880 da 1901, ana kiransu Official Records, suna nan kyauta a intanet, ka nemi sunan mutuminka a fihirisar ƙarshen kowane littafi. Tsofaffin jaridu suna Chronicling America na ɗakin karatun majalisar Amurka, shima kyauta. Tsofaffin littattafai Internet Archive. Akwai kuma shafukan binciken asali da tsofaffin takardu, FamilySearch rajista kawai zaka yi ba kuɗi, Fold3 kuwa na kuɗi ne, kar ka fara da shi sai ka ƙure na kyautan. Abin da ya fi kowanne daɗi in ka same shi shine fayil ɗin fansho, don a nan matar soja da maƙwabtansa da likitansa suke rantsuwa su faɗi ranar aure, sunayen 'ya'ya, irin ciwon da ya dawo da shi, wani lokacin har sunan ubangidan da ya bautar da shi. Amma ka sani gwamnatin tarayya sojojin Arewa ta biya fansho, na Kudu jihohinsu ne suka biya su, to can zaka nema. Littattafan nan manya ne suna cin data, ka sauke su da daddare lokacin da data take araha ko inda akwai wifi, ka ajiye a waya ka karanta a hankali ko an ɗauke wuta. Duk abin da ka kwafa ka rubuta sunan littafi da shafi nan take a gefensa, in ka ce sai anjima ba zaka sake gano wurin ba. Hoto kuma kar ka sa sai ka ga gidan tarihin da yake ajiye da shi, yanzu kwamfuta tana ƙirƙiro hoton soja da bai taɓa rayuwa ba, da tambari da gemu da komai.

Shafi na uku kar ka share abin da bai maka daɗi ba. Delany ya yi aiki da hukumar kula da 'yantattun bayi a Hilton Head har 1868, ya tsaya takarar mataimakin gwamnan Carolina ta Kudu a 1874 ya faɗi, ya yi alƙalanci a Charleston, an taɓa yanke masa hukunci a kan wasu kuɗin coci daga baya gwamna ya yi masa afuwa. Wanda ya fi ciwo, a zaɓen 1876 ya goyi bayan Wade Hampton, tsohon Janar na 'yan tawaye, zaɓen da aka yi ta razana baƙar fata da bindiga har aka kashe wasu, kuma nasarar Hampton ɗin tana cikin abin da ya kawo ƙarshen ɗan ikon da baƙar fata suka samu a jihar. Ni a ganina ya yi kuskure babba a nan, kuma ina ganin girmansa ya isa ya ɗauki a faɗa. A 1878 ya sake komawa kan batun ƙaura, yana cikin masu shirya tafiyar jirgin Azor zuwa Laberiya. Ya rasu ranar 24 ga Janairu 1885 a Wilberforce ta Ohio.

In ka iya wannan hanyar a kan ɗan Amurka to ka juyo da ita gida, don zaren ma a haɗe yake. Garnet Wolseley da ya shigo Kumasi ranar 4 ga Fabrairu 1874 zamanin Asantehene Kofi Karikari aka ƙone garin, a 1862 yana aiki a Kanada ya ɗauki hutu ya tsallaka Kudu ya ziyarci Janar Lee a sansaninsa. Ɗan jarida Henry Morton Stanley da ya biyo shi Kumasi ya yi wa Kudu yaƙi a Shiloh, aka kama shi, ya koma ɓangaren Arewa. Ta gabas kuma Kyaftin John Glover ne ya taho da sojojin Hausawa da ya fara tarawa a Legas tun 1863, da yawansu bayi ne da suka gudo, daga irinsu aka gina 'yan sandan yaƙi na Gold Coast a 1879 wanda ya zama Gold Coast Regiment a 1901. Wasu gidajen zango daga nan tushensu yake, kuma gaskiya ita ce a ɓangaren Bature suka yi yaƙi da Asante, har lokacin Yaa Asantewaa a 1900, yau kuma ga mu maƙwabta ana auratayya ana ciniki, to a rubuta shi yadda yake da ladabi ba tare da alfahari ko ɓoyewa ba. Muna da namu yaƙin basasar ma, na Asante da ya ƙare da hawan Prempeh na ɗaya a 1888, da na Salaga a 1892 wanda ya watsa fatake zuwa Kete Krachi da sauran garuruwa.

A nan gida baka da rumbun suna a intanet, daga bakin dattijai zaka fara. Ka je da goronka, ka durƙusa ka gaida, kace Baba Allah ya ƙara girma, mun zo neman sani ne a kan kakanmu da aka ce ya yi soja, ka nemi izini kafin ka kunna rikoda. Kar ka tambayi shekara, da wuya a riƙe ta, ka tambayi wane sarki ke kan gado, wane bariki ya zauna, wane laƙabi suke kiran Baturensu, kafin yaƙin Jamus na farko ne ko bayansa. Kar ka tsallake tsofaffin mata, Hajiya da Inna su suka fi riƙe sunaye da wa ya auri wa. Ka sani kuma a rajistar Bature sunan yanka ake haɗawa da gari ko ƙabila, Kano, Moshi, Dagomba, Grunshi, kamar Alhaji Grunshi da ya yi suna a Togo a 1914, kuma ba duk wanda aka rubuta sojan Hausa bane Bahaushe, Hausa ce dai harshen bariki. Gidan tarihin soja da ke tsohon sansanin Kumasi a Adum zai nuna maka irin kaki da bindigogin zamanin, takardu kuwa sai PRAAD, hukumar adana tsofaffin takardun gwamnatin Ghana, babban ofishinsu yana Ankara suna da reshe a Kumasi da Tamale. Kafin ka je ka roƙi a buɗe maka tsohuwar akwatin gida, in akwai takardar sallama ka ɗauki hotonta gaba da baya, in akwai lambar yabo ka juya ta ka duba bakin gefenta, lambobin Ingila galibi a nan ake buga sunan soja da muƙaminsa da lambarsa ta aiki, wannan lambar ita zaka rubuta ka miƙa wa ma'aikacin da zai nemo maka fayil.